Shafin Maganin Gidaɗo a Kebbe

Shekarar da aka ƙirƙiro mana Jihar Sakkwato, ni Maccido na kai yaran Jabo kokawa Kebbe. Ban taɓa shiga aji ba, amma wajen tsaron yaro wa ya kai ni?

Wani mai horarwa daga birni ya ja Gidaɗo, ɗan ƙanena mai shekara sha uku, wai zai shafa mai magani cikin bukka, su biyu kaɗai.

Na ce, "Malam, mu gaban jama'a muke shafi. Fito da shi!"

"Baba, maganin zai karye."

"Ya karye mana!"

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi. Na riƙo yaron har fili, ganguna na tashi, ina ta ihu. An kada shi kam, amma lafiya lau na miƙa shi ga uwarsa!