Turaren da Adaeze Ta Daina Ji

Adaeze mai ɗinki a Sabon Gari ta kirawo Gumsu mai haɗa turaren wuta tun daga Fagge, ranta a ɓace.

"Hajiya, turarenki ya mutu. Ba na jin ƙamshinsa."

Tun daga ƙofar shago ƙamshi ya tare Gumsu. Ko kwalbar ba ta taɓa ba.

"Madam, je ki kasuwar Bata ki sayo zare. Ina nan."

Adaeze ta tafi tana ƙunƙuni. Da ta dawo, a bakin ƙofa ta ja ta tsaya.

"Me kika ƙara?"

"Ba komai. Hanci in ya saba sai ya daina gaya miki. Ni shekara ashirin ban ji ƙamshin gidana ba, sai dai baƙi su faɗa mini."