Man Ƙosai a Ruwan Harlem

Barmo ya kama murfin jarka ta uku zai buɗe ke nan, sai ya hango man da ya zubar da safe yana dawowa. Ya murje ido. Shi ne dai, jajawur, har da ɓurɓushin ƙosai yana yawo a kai.

Barmo ɗan masunta ne daga Gaya, garin da kogi ke wucewa kafin ya shiga Najeriya, kuma a Gaya abin da ka ba kogi ya tafi ke nan, sai dai mutanen Najeriya su ji da shi. Shi ya sa da tsohon man suya ya taru wa matarsa Habsatou, mai sayar da ƙosai a Morris Heights, bai ga dalilin jiran motar masu kwasa ba. Ya juye jarka biyu a ruwan Harlem da ƙarfe bakwai, ya ga sun yi kudu, ya koma gida da farin ciki. Yanzu ga su da azahar sun nufi arewa, ko kunya babu.

"Baba Barmo, ina wuni?"

Ya yi wuf ya tare jarkar da rigarsa. Faith ce, 'yar Jos, wadda aikinta ɗiban ruwan nan ne a kwalba a kai a gwada tsabtarsa. Kullum wurin Habsatou, Maman Firdaoussi, take karyawa. Ta zura kwalba da igiya, ta jawo, ta kai hanci. Ta sake kai hanci.

"Wannan ai ƙosan Maman Firdaoussi ne."

"'Yata, kogin ne ya haukace. Ni kudu na aika shi."

"Ba kogi ba ne, Baba, hannun teku ne. Ya tafi, ya dawo, sau biyu a rana. In na sa wannan a report, za a karɓe mata licence."

Shekara tara Habsatou ta yi tana jiran takardar izinin sana'ar nan, kuma ita ke ciyar da gidan. Faith ta dube shi, tausayi ya kama ta, ta juye kwalbar.

"Zan dawo bakwai da rabi. Abin da kwalba ta ɗauko shi zan rubuta."

Ya kira Habsatou ya faɗa mata komai a gurguje, bai tsaya jin amsa ba. Man na tafiya arewa, shi ma ya yi arewa. Ya hau bas, ya ce wa direba ya bi ruwa. Direba ya ce shi titi yake bi. Ya sauka ya hau wata, ta tsallaka gada ta kai shi Manhattan. Ya dawo a ƙafa, yana leƙa ruwa yana tambayar masu kamun kifi ko sun ga mai ya wuce. Wani tsoho ya ce ya gani, ya ma ji yunwa, amma ruwa ya juya, ya koma da shi kudu tun ɗazu.

Barmo ya zauna a kan jarkarsa, wadda sai yanzu ya lura yana ɗauke da ita tun azahar. Ɗan masunta guda, yau ruwa ya yi masa wayo a bainar jama'a. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bakwai ta gota ya iso inda ya fara, ƙafa a kumbure. Habsatou na zaune a kan kujerar roba, ta ɗaure ludayi a sandar goge ɗaki, tsummokara a jiƙe tuli a gefenta. Faith na tsaye tana ɗaga kwalba sama tana dubawa.

Habsatou ta ce, "Ina ka tafi, Malam?"

"Na bi shi."

"Ba an ce zai dawo ba? Bon, shi ke nan. Ni na zauna, ya zo ya same ni."

Faith ta rufe kwalbar, ta rubuta layi ɗaya, ta ce a ajiye mata ƙosai gobe, ta wuce. Barmo ya sauke ajiyar zuciya. Sai ya ga jarkoki a jere, a cike.

"Biyu fa na zubar."

"Biyar na kwashe. Akwai na kifi, akwai na mota. Ashe kuna da yawa."

"To yanzu ina za mu kai su?"

Barmo ya dubi jarkokin, ya dubi bayansa, Faith ta yi nisa. A hankali idonsa ya koma kan ruwa, wanda ke tafiya kudu lafiya lau. Habsatou ta miƙe da ludayin a hannu, tana harararsa.