Sunan Ɗan Farin Barakatu

Malama Ummu Salma ta kai ƙarshen shafi na uku, ta koma na farko, ta sake bi da yatsa. Barakatu na zaune a kan benci, hannuwanta cikin hijabi.

Wata biyar ke nan tana zuwa wannan aji a Ƙanƙara, inda matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu ke koyon rubuta abin da ya same su, don a haɗa a buga littafi. Ita daga Tafoki ta ƙasar Faskari ta fito. Labarin ɗanta ta rubuta, wanda aka harbe a gonar dawa. Ta faɗi yadda yake kwaikwayon kukan zabi har su amsa masa daga cikin ciyawa. Ta faɗi takalminsa ƙafa ɗaya da aka kawo mata.

"Inna, rubutun nan ya sa ni hawaye," in ji Malama. "Amma shafi uku, daga 'shi' sai 'yaron nan'. Ina sunansa?"

"Haba Malama! Ɗan fari ne fa."

"Na sani."

"To mi kike so in yi? Shekara ashirin da huɗu bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ko ran da mai gari ya zo tambayar waɗanda suka mutu, maƙwabciya ta faɗa. Yanzu da furfurata zan zubar da kunya, duk Faskari su karanta?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Sa Audu mana, wa zai gane?" Aka ɗan yi dariya.

Malama ba ta yi ba. "Ba dole, Inna. Gobe za a kai wa mai bugawa. In ya tafi haka, mai karatu zai ce wani ne aka kashe a gona. Irinsu kuwa da yawa."

Mata suka watse sallar azahar, Barakatu ta rage ita kaɗai. Ta ɗauki biro, ta ajiye. A ajin nan ƙa'ida ce, ba a rubuta magana sai an faɗe ta da baki an ji ta zauna.

Ta leƙa taga, ba kowa. Ta kare bakinta da gefen hijabi.

"Hadi."

Muryar ta fita fiye da yadda ta nufa, irin ta uwa mai kiran yaro ya zo tuwo ya sauka. Ba ta rubuta ba tukuna. Ta karkata kai wajen ƙofa, tana sauraro.