Ɗaurin Bahago

Ruwa ya kai wa Sabiru ƙirji lokacin da ya kamo robar lemon da yake yin alama da ita. Ya ja igiyar, sai ta taho masa sakayau. Ya ɗaga bakinta ya duba, ya ga yankan wuƙa ne, ba tsinkewa ta yi ba. Ya ƙara gaba yana lalube da ƙafa, laka kawai yake takawa. Gura tara, tarkon kifin nan na sanda da raga, waɗanda ya shafe wata guda yana lanƙwasawa yana ɗinkewa, jiya da yamma ya zuba musu dusa ya nutsa su a wannan lungu na dam, yau ko ɗaya babu. Karo na biyu ke nan tun da aka gama girbi, kuma su ne na ƙarshe da yake da su.

A ƙauyensu, wanda ba shi da gura da rani zaman gindin darbejiya ya kama shi har ruwan sama ya sauka. Gero dai akwai a rumbu, amma cefane daga ruwan nan yake fitowa.

Yana fitowa gaɓa, wando na ɗiga, sai ga kwalekwalen Tasi'u ya taho ya daki yashi. Tasi'u ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu ya ba shi. Tun kafin ya sauko matan nan masu suyar kifi da ke zuwa daga Minjibir suka rufe shi da robobinsu, kowace tana kiran sunansa. Tarwaɗa ce manya suna ta mutsu-mutsu a cikin jirgin, ga karfasa a gefe. Sabiru ya tsaya da guntuwar igiya a hannu yana kallo.

Ba ƙin ƙaninsa yake yi ba, Allah ya sani. Amma uba ɗaya ne ya koya musu sana'ar nan, a tabarma ɗaya, kuma Sabiru ne ya fara riƙe allura tun Tasi'u yana yawo ba wando. To don me kifi zai tsallake gurarsa ya faɗa ta yaro? Bara Tasi'u ya sayi jirgi, bana ya yi rufin kwano, har da fenti shuɗi a ƙofar gida. In mutane suka ce “ɗan gidan Malam Jamilu mai kifi”, kowa ya san wanda ake nufi, kuma ba babban ba ne. Hassada ce, ba wani suna za a sa mata ba, kuma Sabiru ya san da ita yake kwana yake tashi.

Da Tasi'u ya ji abin da ya faru ya yi salati, ya jajanta masa, ya zaɓo tarwaɗa biyu masu tsoka ya ce a kai wa yara. Sabiru ya ce an gode, akwai miya a gida. Ƙarya ce, ko daddawa babu. Tasi'u ya ce shi ma yanzu hankalinsa ya tashi, don yana da wasu can bakin rafi, sai da yamma yake zagaya su. Wato dai gurar tasa ma har wuri biyu yake raba ta, Sabiru ya ce a ransa.

Malam Basiru Sarkin Ruwa yana zaune kan turmin da yake zama kullum. Sabiru ya miƙa masa igiyar, ya juya ta a hannunsa, ya ce wannan aikin masu babur ne, ba na ɗan gari ba. Ya ce yau kasuwar ƙauyen tsallake take ci, can ake zube tsofaffin kayan su, ya je ya leƙa ko a dace.

A gida matarsa Furera ta ba shi haƙuri, sannan ta ɓata rawar. Ta ce da ma ya daure ya tambayi Tasi'u inda yake girke nasa, tunda shi ba a taɓa yi masa ba. Sabiru ya dube ta, ya yi ƙwafa, ya ture kwanon kokon ya fita.

Rana ta take ya isa kasuwar. Ya bi bayan 'yan awaki, ya wuce masu gyaɗa, har rumfar ƙarshe inda wani farin dattijo yake sayar da ƙugiyoyi da tsofaffin taru. Nan ya hango su a jingine, gura bakwai, laka ba ta ma gama bushewa a gindinsu ba. Ya durƙusa ya kifa ɗaya, ya duba ƙullin da aka rufe gindin da shi.

Ƙulli uku ne a jere, na tsakiya ya hau kan biyun, ɗaurin mahaifinsu da babu mai yin sa a duk dam ɗin sai su biyu. Sai dai wannan wutsiyarsa hagu ta kalla. Tasi'u bahago ne. Waɗannan na bakin rafi ne, mai su bai ma san an kwashe ba.

Abin kunya, daɗi ya fara ji. Wani sanyi ya ratsa shi har ƙafa: ashe shi ma ana yi masa!

Ya tambayi dattijon ko su ke nan. Mutumin ya ce wani mai babur ne ya kawo su da sanyin safiya, kuma sun fi haka yawa, akwai wasu guda tara da ya ƙi karɓa.

“Waɗancan saƙar ta yi sako-sako, Malam,” in ji shi. “Na ce masa ya kai wa mata su riƙa kife 'yan tsaki. Amma dubi waɗannan. Wanda ya yi su ya san hannunsa.”

Sabiru ya ji kamar an watsa masa ruwan barkono a fuska. Wata guda yana soka allura har yatsunsa suka yi kanta, yau ga baƙo, wanda bai san shi ba bai san Tasi'u ba, ya raba musu matsayi a tsakiyar kasuwa. Ya miƙe tsaye ya ɗaga murya yadda masu gyaɗa za su ji.

“To ga mai hannun nan a gabanka. Kayana ne, jiya aka sace su.”

Nan da nan aka taru, aka ɗunguma sai rumfar Sarkin Kasuwa. Ƙa'idar wurin tsohuwa ce: mai da'awar kayan ruwa zai juya musu baya, ya faɗi shaidar da ke jikinsu ba tare da ya kalla ba. In ya dace kaya nasa ne, wanda ya saya a hannun ɓarawo kuwa shi ya san inda zai nemo shi. Sabiru ya juya ya fuskanci katanga, ya ce ƙulli uku, na tsakiya a sama, wutsiya ta kalli hagu. Ya ƙara da cewa sandunan geza ne, ragar kuma koriya ce an rina ta da bagaruwa. Ai a zaurensu aka rina ta, yana zaune yana kallo yana jin haushi.

Aka duba ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Sarkin Kasuwa ya tambaye shi ko zai iya rantsuwa. Sabiru ya ce wallahi tallahi wannan ɗaurin gidansu ne, daga hannun ubansa ya fito. Bai yi ƙarya ba ko ta harafi ɗaya, kuma ya ji daɗin wayon nan nasa. Dattijon ya yi ta rantse-rantse cewa bai san na sata ba ne, ba wanda ya saurare shi.

A bayan ɗan acaɓa, gurar a ɗaure sun yi masa rumfa a ka, Sabiru yana ta lallashin kansa. Tasi'u yana da sama da ashirin, bakwai ba za su rage shi da komai ba. Ban da haka ma, da bai zo ba ai da sun tafi ke nan. Kuma yana so ya gani da idonsa, ko saƙar ce take kiran kifi ko kuwa mutumin ne.

Bayan la'asar yana zaure ya baje su yana kankare laka, sai ya ji sallama. Tasi'u ne, da gura huɗu ɗaure a ka. Ya sunkuyo ya shigo, yana magana tun kafin ya sauke. Ya ce ya je bakin rafi ya tarar shi ma an yi masa ƙaf, bakwai cur. Ya ce to ya ga nasa da sauƙi tunda yana da saura, shi ne ya tsamo waɗannan daga ruwa ya kawo, kada Yaya ya zauna haka har damina.

Sai ya sauke kayan, idonsa ya sauka kan na ƙasa.

“Na gano nawa a kasuwa,” Sabiru ya yi sauri ya ce. “Bakwai daga ciki.”

Tasi'u ya tsuguna ya jawo ɗaya, ya kifa ta, ya shafa gindin da babban yatsansa na hagu. Ya jawo ta biyu. Daga cikin gida ana jin Furera tana daka. Sabiru ya ƙura wa ƙeyar ƙaninsa ido, ya shirya amsoshi har uku, yana ma addu'ar yaron ya ɗaga kai ya ce masa ɓarawo. Da ya faɗa, da an yi ta ta ƙare, kowa ya ji ba daɗi daidai da ɗan'uwansa.

“Alhamdu lillahi, Yaya,” Tasi'u ya ce. “Allah ya tsare gaba.”

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya jera huɗun da ya kawo kusa da bakwai ɗin. Har ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna ta ƙarshe cikin bakwai ɗin, wadda ke jikin bango.

“Waccan a ɗinke ta kafin a sa ta a ruwa. Akwai ɓula a ƙarƙashin baki, ta ciki, ba a ganin ta. Karfasa na zurarewa.”

Ya yi sallama ya fita.

Sabiru ya jawo gurar, ya zura hannu ta ciki ya laluba, yatsunsa biyu suka fito ta ɓular. Kunya ta kama shi, amma ba ita ce ta fi cin sa ba. Abin da ya fi cin sa shi ne ko da shekara zai yi yana gwadawa, ba zai iya fita daga zauren nan yadda yaron ya fita ba. Har a nan ma an fi shi.

Furera ta leƙo ta ce dusa ta dahu, in zai kai su ruwa ya hanzarta kafin magariba. Ta ƙirga su da ido, ta yi murmushi, ta ce kai, yau sun fi na jiya yawa. Sabiru ya ce ta miƙo masa allura da zare. Ya san za su kama kifi, ya kuma san gobe da safe, in ya fito gaɓa matan Minjibir suka rufe shi, Tasi'u ne zai fara yi masa barka.