Makin da Cyril Ya Bari

"Sake ƙirgawa, jakin banza," in ji Cyril. "Bakwai da takwas nawa?"

"Sha biyar. Ka ɗauka ban sani ba?"

"To maki biyu ke nan. Takwas nawa gare ka?"

"Biyu."

"To ina sauran maki huɗun? Ka bar wa uban wa?"

Tari ya sarƙe shi. Matarsa Maud ta shigo da shayi, ta gyara masa matashi, ta harare ni kamar ni na zuba masa ciwon a huhu. Tun da likita ya ce saura makonni aka sauko da gadonsa falo, kusa da taga.

Ni ne Wilf Harker. Shekara arba'in ina kamun kifi daga tashar Hull ta Ingila. Jirgi ya nutse da ni a ruwan Iceland, mu goma sha tara, uku muka fita, kuma ni na jawo biyun. Sanyi ya cinye mini yatsu biyu, ban yi ko uhum ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi wanda ya fi ni sanin kartar da za a riƙe da wadda za a yar a wasan kartar da ake kira kiribej ba.

Ƙirga makin ne kawai. Shi ma ba wai ya gagare ni ba ne, lokaci ne ban samu ba.

Shekara talatin da ɗaya Cyril, maƙwabcina, yana abokin wasana a mashayar bakin layinmu duk ranar Alhamis. Ina ajiye kartata zai leƙo ya rattaba makin kafin in buɗe baki. Kowa ya ɗauka surutu ne ya yi masa yawa. Dokar teburinmu kuwa ba sani ba sabo: makin da ka manta, abokin karawarka ya kwashe, a yi ta maka dariya har Kirsimeti.

"In na tafi, wa zai ƙirga maka?" ya ce. "A wasa ɗaya za su gano ka. Ka koma gida ka zauna da kyanwa."

Don haka kullum da hantsi ina gefen gadonsa, allon wasan mai huda-huda, wanda ake soka wa tsinke don nuna maki, a kan tire. Duk haɗin da ya ba da sha biyar, maki biyu. Karta biyu iri ɗaya, biyu. Uku a jere, uku. Jak goma yake a lissafi, in kuma ya yi alama ɗaya da kartar da aka buɗe, maki ɗaya. Da yatsuna takwas nake lissafi a ƙarƙashin tire, shi kuma yana kwashe abin da na bari ba tausayi.

Ranar Litinin ta uku ko kartar ba ya iya riƙewa, sai a kan bargo ya shimfiɗa ta. Huɗu, biyar, shida da Jak. An buɗe biyar. Ya ƙirga a hankali, yana hutawa.

"Sha shida," ya ce.

Na duba. Na sake dubawa. Jak ɗinsa mai zuciya ne, biyar ɗin da aka buɗe ma mai zuciya. Sha bakwai ne. Cyril bai taɓa ɓatar da maki ba a rayuwarsa. Wa zai ƙwaci maki a hannun mai mutuwa?

Amma na kai hannu na matsar da tsinkena rami ɗaya.

"Ka bar na Jak, tsoho. Nawa ne."

Ya daɗe yana kallon allon. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Maud! Zo ki ga ɓarawo. Ya iya!"

Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Na tambayi Maud, ta ce in sha shayina.

Ranar Laraba da safe na fito na ga an sassauke labulen gidansu, alamar an yi rasuwa.

Alhamis ɗin bayan jana'iza na je mashaya, na zauna a kujerata. Aka raba karta. Da na ajiye tawa, duk 'yan teburin suka juya wajen da Cyril ke zama. Na gyara murya.

"Sha biyar, biyu. Sha biyar, huɗu. Biyu iri ɗaya, shida."

Ba wanda ya miƙo hannu don kwashe maki. Na matsar da tsinken, rami shida, ɗaya bayan ɗaya.