Cincin na Kwiyakwiyan Kalgo

Ƙanenmu Basharu ne ya kawo mana wannan fitina a bayan babur, cikin baƙar leda. Tun da ya samu aiki a wani shagon maganin dabbobi a Kalgo ya daina magana irin ta mutane. Komai sai ya ɗaga yatsa ya yi bayani, shi da ko akuya bai taɓa kiwatawa ta rayu ba.

Ni ce babbarsu, Jummai. Ina zaune a Gwandu gida ɗaya da ƙanwata Safiya tun rasuwar mijinta, kuma ƙosan da take soyawa da safe a ƙofar gida shi ke riƙe da mu da 'ya'yanta. Duk unguwa an san tsabtarta. Mutum zai sayi ƙosanta ya kai baki bai duba ba. Ban da wannan suna ba ta mallaki komai ba.

Basharu ya zazzage ledar a kan tabarma: hanta, ƙwai, dankali, kabewa, tunkuza, garin shinkafa. Har na fara sa masa albarka, na ɗauka Allah ya shirye shi ya tuna yana da yayye. Sai ya ce ai na kwiyakwiyai ne. Wai wasu ma'aikatan jami'a suna kiwon karnukan waje masu gadi, kuma 'ya'yan karnukan sai da ɗan abin taunawa ake koya musu zama da tashi. Na kwali da ake kawowa daga Legas ya yi tsada, shi ne ya ce da su yana da yaya mai hannu da za ta yi musu.

"Hanta don ƙamshi ta, Yaya," in ji shi, yatsa a sama. "In kwikwiyo yaj ji ta, duk abin da kac ce shi yi sai shi yi. Tana ƙara jini kuma. Ƙwai shi ka haɗe ƙullun, shi sa gashi sheƙi. Kabewa ta tsai da zawo. Dankali ba shi ɓata musu ciki, tunkuza kau don daɗi. A yi su ƙanana, haƙoransu na nono na."

"Gishiri hwa?" in ji Safiya.

"Kul! Ba gishiri, ba tonka ko wani yaji, ba sukari. Albasa da tahwarnuwa kau guba ta gare su, jini suka lalata musu."

Na ce masa karnukan mafarautan Maruda ƙanzon tuwo suke ci, kuma har yau ban ji an kai ɗaya asibiti don gashinsa bai yi sheƙi ba. Ya yi mini murmushin nan nasa na wanda ya je birni. Raina ya ɓaci ƙwarai. A garin da mutum ke ganin hanta daga Layya sai Layya, a ce za a daka ta a gasa wa ɗan kare!

Amma wake ya yi tsada, mai ya yi tsada, Safiya ta karɓi aikin. Ta sa Basharu ya sayo sabon turmi da tukunya da faranti, ta ware su a bayan ɗaki, ko cokali ba ya haɗuwa da kayan ƙosai. Sharaɗinta ɗaya, kada kowa ya ji. Da hantsi in ta tashi daga suya sai ta dafa dankali da kabewa, ta daka da hanta, ta murza, ta yanka ƙanana kamar cincin, ta gasa a tukunya mai yashi a ƙasa.

Abin da ba mu lissafa da shi ba ƙamshi ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Lawali, kuma matarsa Mubaraka na da ciki. Lawali irin mazan nan ne da ke karya kumallo da shayi da ƙwai a tebur, su dawo gida suna sakace, su tambayi mace me ta yi da gwangwanin geron jiya. Yarinyar ta yi fari fat, idanu sun faɗa, in ta ɗebo ruwa sai ta zauna ta huta.

Ran nan muna gashi sai muka ji muryarta ta kan katanga, ta taka turmi ta leƙo.

"Inna Safiya, don Allah mi kika gasawa? Tun shekaranjiya ƙamshinai ya hana ni sakat."

Kowa ya san ba a hana mai ciki abin da ta ji ƙamshinsa. Macen da ta yi wannan rowar, in wani abu ya sami cikin, da ita za a yi ta nuni har ta mutu. Na ƙyafta wa Safiya ido don ta ce magani ne. Ba ta ko kalle ni ba. Ta matsa jikin katangar ta rage murya.

"Ɗiyata, ba ni yi miki ƙarya. Na kwiyakwiyan Kalgo na. Ba komi ciki sai hanta da ƙwai da dankali, da hannuna niy yi, kare bai ko gane shi ba tukun. Amma sunan na kare na."

Mubaraka ta sunkuyar da kai. Can ta ce a asibiti an gaya mata jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin hanta da ƙwai. Da ta faɗa wa Lawali sai ya ce uwarsa ta haife su duka da fura, ba ta mutu ba.

"Ki ba ni, Inna. Don Allah kak ki bari shi ji. In yaj ji na sani nic ci, gidanmu za shi kore ni."

Safiya ta barbaɗa mata ɗan gishiri da yaji a gefe ta miƙa. Daga ranar duk gashi sai ta ware mata nata tun kafin a zuba a leda. Ban ce hantar ce kaɗai ba, don tana shan ƙwayoyin asibiti, amma da idona na ga yarinyar ta fara tsayawa ta yi daka har ta gama. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don na san ƙanena.

Ai kuwa. Basharu ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya ɗauki hoton farantin a tsakar gidanmu ya sa a waya yana talla, har ya haɗa da hoton wani baƙin kwikwiyo yana lashe baki. Ga igiyar shanyarmu, ga bishiyar dalbejiyarmu, ga hannun Safiya da lallenta. Lawali kuwa ba shi da aikin da ya fi latsa waya a teburin mai shayi. Ya taɓa ganin irin cincin ɗin a ɗaure a bakin zanen matarsa, har ya ɗauki biyu ya ci ya ce ba gishiri.

Da safe ya zo, lokacin da ƙofar gidanmu ta fi cika. Ya ɗaga wayar sama yana juyawa kowa ya gani, jijiyar wuya a tashe.

"Ku duba! Abincin karnai taka dahwawa, kuna nan kuna sayen ƙosanta! Ta ba iyalina, da ciki! Ni za a wulaƙanta cikin garin ga?"

Sai ga mutane na ajiye ƙosai a hankali, kamar ba su ne suka yi shekaru suna lashe yatsa ba. Wata da na san ko wanke hannu ba ta yi in ta fito bayi, ita ce ta fara tofar da yawu. Na miƙe zan wanke Lawali tas, in tambaye shi yaushe rabon da ya shigo gida da ko tsoka ɗaya, Safiya ta riƙe mini zane.

Malam Garba ne ya tsawatar. Shi ke jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, kuma kullum a nan yake sayen karin kumallonsa. Ya sa Safiya ta faɗi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka fito da turmin da tukunyar aka ga daban suke. Sannan ya juya ga jama'a.

"To ni ban ga haram nan ba. Hanta halal ta, ƙwai halal na, ciyad da dabba kau ba zunubi na ba. Wanda ransa bai so, wannan nashi na." Ya dubi Safiya. "Abu guda ya rage. Kin hwaɗa ma yarinyar ko na mine kahin ki ba ta? In kin hwaɗa, ba ki da laihi, magana ta koma tsakaninta da mijinta. In kau ɓoyewa kiy yi, wannan ha'inci na, kuma ba a cin abinci hannun maha'inci."

Zuciyata ta yi sanyi. Ga ni nan, a gabana aka yi, kalma ɗaya ta isa. Har wasu sun fara mayar da hannu kan ƙosansu. Lawali kuwa ya juya yana kallon ƙofar gidansa, ya ce in dai matarsa da saninta ta ci, yau ba ta kwana ɗakinsa. Ta saman katanga ina hango gefen kallabin Mubaraka, ba ya ko motsi.

Safiya ta tsame sauran ƙosan da ke cikin mai, ta ajiye matsami.

"Ba ta sani ba, Malam. Ce mata niy yi cincin na."

Na buɗe baki, ta matse mini hannu har sai da na ji zafi. Malam Garba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye ƙullin ƙosansa a bakin tire ya tafi. Sauran suka bi shi, kowa na faɗin dama shi ya daɗe yana zarginta. Lawali ya tsaya ya ƙara zagi biyu don kada a ce bai yi ƙoƙari ba, ya koma teburin shayi.

Muka kwashe kaya muka shiga gida. Ƙullu rabin roba ya rage, mai ko hucewa bai yi ba. Na rufe ƙofa na juyo kanta.

"Kin kashe sana'arki da bakinki saboda matar wancan banza! Mi za ki ba ɗiyanki su ci?"

Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta janyo robar ƙullun ta rufe da faifai. Sai da ta gyara faifan sau biyu.

"Yaya, ni ko ba a sai ƙosaina ba, ina da ɗakin da za ni kwana. Ita wata guda ya rage mata ta haihu, kuma uwatta ta rasu."

Washegari ba ta jiƙa wake ba.