Ɗigo na Uku

Shekara goma sha ɗaya Auta ta yi tana aiki a gidan wanki da guga, kuma in akwai abin da ta ƙware a kai, to korar wari ne. Kawo mata kwat ɗin da ya sha hayaƙin taba, ko labulen kicin da ya shekara biyar yana shaƙar mai, kwana biyu za ta miƙo maka shi fes, kamar ba a taɓa rayuwa kusa da shi ba. Har alfahari take yi da wannan. Shi ya sa da mahaifiyarta ta rasu a sanyin bara, kwana huɗu da binnewa, hannunta ya yi abin da ya saba tun kafin kanta ya yi tunani. Ta kwashe kayan marigayiyar kaf, da riguna da mayafai da zannuwan gado, har da suwaita mai ruwan toka da ba ta rabuwa da ita, ta kai wurin aiki ta wanke da kanta, ta bi da tururi, ta sa kowanne a leda, ta dawo ta jera su a kabad. A ganinta gata na ƙarshe ta yi wa uwarta.

Abu ɗaya ta manta, kuma shi ne bai kamata a manta ba. Baba ba ya gani. Ciwon suga ya tafi da idonsa shekara shida da suka wuce, tun daga nan da kunne da hanci yake sanin wanda ya shigo masa ɗaki. Washegari da safe ya laluba ya buɗe kabad ɗin, ya yage leda ɗaya, ya kai rigar fuskarsa. Ya yage ta biyu, ya yage ta uku. Auta tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, tana kallo har ya gama da ledar ƙarshe, babu abin da ya samu a ciki sai sabulu. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya koma kujerarsa ya zauna, ya ce ta ajiye shayin a nan.

Tun daga ranar abin da take samu daga bakinsa ke nan, "ajiye a nan" da "to". In Yayanta ya bugo waya daga garin da yake aiki, sai su yi rabin awa suna hira, har dariya takan ji. Ita da take hawo bene kullum da kwanon abinci, gaisuwarta ma da kai yake amsawa. Abincin kuma loma biyu yake yi ya ture. Wuyansa ya yi tsawo, agogonsa ya koma yawo a hannu, likita ya faɗa mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa in ya ci gaba a haka, sanyin bana zai yi masa yawa.

Akwai kuma abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Ita ma ta nemi ƙamshin uwarta a ƙwaƙwalwarta ta rasa. Muryar tana nan, tarin nan na safe yana nan, amma ƙamshin ya ɓace ɓat, kwalbar turaren Mama kuwa ba ta da suna, ta ƙare tun Mama tana asibiti, kuma Auta da hannunta ta jefa ta a shara. Wani lokaci tana kan matakala sai ta ji kamar wani abu ya gifta ta gefen hancinta, ta tsaya cak ta waiwaya. Babu kowa, sai bango da warin fenti. Tsoro take ji a irin wannan lokaci, kuma in ya wuce sai ta ji da ma ya dawo.

Maganar turare ba daga nan ta taso ba. Doguwa ce, abokiyar aikinta mai guga, wadda bakinta ba ya zama shiru, ta dube ta ranar Asabar suna rufe shago ta ce wai in Auta ta wuce mutum sai ya ɗauka an zo yi masa allura, warin bilic sama, warin bilic ƙasa. Ta ce mace a wannan sanyin ya kamata a ji ta da ɗumi, ta je ta nemi turare mai nauyi ko don jama'ar da suke zama kusa da ita a bas su huta. Auta ta yi dariya, amma maganar ta shige ta. Da suka rabu, maimakon ta tsaya jiran bas, sai ta shiga lungun da ke bayan tashar, inda ta sha ganin wani ɗan shagon turare ba ta taɓa leƙawa ba.

Shagon siriri ne, mutum biyu ba za su gifta juna a ciki ba, kantoci cike da kwalabe masu ruwan ƙasa har rufi. Mai turaren dattijo ne, da tabarau a kan hanci da safar hannu da aka datse wa yatsu. Ta ce turaren sanyi take so, mai ɗumi, ta kai hannu za ta buɗe wata kwalba, ya janye ta a hankali. A shagonsa, in ji shi, ba a shinshinar bakin kwalba, don abin da ke ciki barci yake yi, sai ya hau fata yake farkawa, kuma sanyi irin na yau yana ƙara masa nauyin barci. Ya ba ta tsinken gilashi ta ɗiga sandal da kirfa a wuyan hannun dama, ambar da ɓawon lemo a na hagu. Ta shinshina, ta ce duka biyun ba laifi, wanda yake nufin babu wanda ya taɓa ta.

Dattijon ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau, tana murza tafin hannunta don sanyi. Can ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wata 'yar kwalba marar takarda. Ya ce wannan wata mata yake haɗa wa duk farkon sanyi, fiye da shekara ashirin, bara ya haɗa ba ta zo ta karɓa ba. Shi ba ya tambayar mutane sunansu, da fatarsu yake saninsu. Ya ce ta ɗiga ɗaya a wuyanta ta rufe da mayafi. Ta ɗiga, ba ta ji komai ba sai ɗan ɗacin kanumfari.

"Wannan ba ya gaggawa, 'yata," ya ce. "Je ki shiga ɗaki mai ɗumi. Ba sai kin neme shi ba, shi zai neme ki."

Ta ɗauke ta maganar 'yan kasuwa, ta yi godiya, ta ce za ta dawo. Ta tako a ƙasa har gidan Baba, iska tana yankar kunnenta, kafin ta kai ma ta manta da ɗigo na uku.

Ɗakin Baba yadda yake kullum: hita mai jan ƙarfe biyu a gaban ƙafarsa, rediyo ƙasa-ƙasa, kujerarsa tana fuskantar tagar da ba ya gani, ɗaya kujerar kuma, ta Mama, an tura ta jikin bango. Auta ta gaishe shi daga ƙofa, ya gyaɗa kai. Ta wanke hannu sosai a kicin kamar yadda ta saba, sandal da ambar suka bi ruwa, ta ɗumama miya, ta yanka burodi. Da ta dawo ɗakin zafi ya buge ta, sai ta warware mayafin ta rataya, ta sunkuya za ta ajiye tire a kan teburin gabansa.

A nan ya same ta. Ɗacin kanumfarin ya narke, wani abu mai laushi ya taso daga ƙarƙashinsa, kamar tsohon akwatin katako da aka buɗe a rana. Nan take ta koma 'yar shekara bakwai, tana tsaye a wannan ɗakin da safe, Mama ta durƙusa tana ɓalla mata maɓallan rigar sanyi tana mitar za su makara.  Ta dafa teburin, cokali ya yi ƙara a jikin kwano.

Baba ya kai hannu ya kashe rediyo. Ya ɗaga kai a hankali, hancinsa yana motsi, fuskarsa ta yi wani irin haske da ya ba ta tsoro.

"Malama," ya ce. Haka yake kiran matarsa tun tana koyarwa. "Kin daɗe."

 Ya miƙo hannu ya laluba ya kama na Auta, ya riƙe gam. Sai magana ta ɓalle masa, maganar shekara guda. Ya ce ya san za ta leƙo in sanyi ya kama, don ita ba ta yarda kowa ya iya rufe taga ba sai ita. Ya ce an canja masa maganin safe, sabon ɗaci gare shi. Ya ce a yi masa haƙuri ya rame. Yana magana ta ɗebi miya da ɗaya hannun ta kai masa baki, ya karɓa bai ko lura ba, ta ƙara, ya karɓa. Rabin kwanon ya tafi.

"Yarinyar nan ta wanke ki daga gidan nan tas," ya ce. "Na san ba da gangan ta yi ba. Amma muryarta taki ce, Malama. In ta yi sallama sai zuciyata ta tashi, in juya in neme ki, sai in ji sabulu. Kullum sau biyu ake yi mini rasuwarki. Shi ya sa ba na so ta yi magana."

Ashe abin ke nan. Shekara guda tana zaton tsanarta yake yi. Hawaye suna zuba mata, wata dabara kuma tana zuwa mata a kai, mai sauƙi, mai daɗi: ta yi shiru. Ta koma ta karɓo kwalbar, kullum ta ɗiga ɗaya, ta shigo ba sallama, ta ciyar da shi a matsayin matacciya. Zai ci, zai yi ƙiba, zai ga bayan sanyin. Sai dai ita Auta ba za ta sake shiga ɗakin nan ba har abada, ko da kuwa kullum tana ciki. Ta dubi kwanon, ta dubi wuyansa. Sannan ta buɗe baki.

"Baba, ni ce. Auta ce. Turare ne na gwada a hanya."

Hannunsa ya saki nata a hankali, yatsa bayan yatsa. Hasken nan ya mutu. Hita ta yi 'yar ƙararta ta huce ta sake kamawa, Auta kuwa ta tabbata ta kashe shi da bakinta. Can ya tambaya ko akwai saura. Ta ce kwalba ɗaya. Ya ce ta kawo, amma kada ta sake sawa a jikinta.

Ranar Litinin da hantsi ta nemi izini a wurin aiki ta koma lungun. Ta faɗa wa mai turare cewa matar da yake jira ta rasu. Ya cire tabarau ya yi mata ta'aziyya, ya ce tun da ya ga yadda take murza hannu irin na marigayiyar ya yi zargi, sai dai bai so ya zama shi ne mai tambaya ba. Ya naɗe mata kwalbar a takarda, ya fara cewa ta tuna abin da ya faɗa mata game da fata, amma tana sauri, ba ta tsaya ji ba.

A gida Baba ya ce ta ɗauko suwaita mai ruwan toka. Ta ɗiga uku a wuyan suwaitar ta miƙa masa. Ya kai fuskarsa ya shaƙa, ya jira, ya sake shaƙa. Ya kara ta kusa da hita, ya juya ta, ya sake gwadawa. Daga inda Auta take tsaye ita ma tana jin abin da yake ji: kanumfari mai ɗaci a kan ulu mai sanyi, sabulun bara yana leƙowa ta ƙarƙashi. Ya sauke rigar a cinyarsa ya ce ba ita ba ce.

Ba wanda ya motsa. A ƙasa wata mota ta wuce, taga ta ɗan girgiza. Auta ta ji matakalar nan ta dawo mata, wannan abin da yake giftawa ya ƙi tsayawa, kuma a karon farko ta ji haushin uwarta da ta tafi da komai a jikinta ba ta bar musu ko kaɗan ba.

Baba ya shafa suwaitar sau biyu, sannan ya miƙo ta wajen da yake jin numfashinta.

"Sa ta," ya ce.

Ta sa. Ta yi mata daidai, har hannun. Ta jawo kujerar Mama daga jikin bango ta zauna, suka jira tare, shi da ita. Jikinta ya ɗumama ulun a hankali, ɗacin ya fara narkewa. A madubin kabad ta hango wata mata cikin ruwan toka, ta harɗe ƙafa ta ɗan karkata kai hagu yadda Mama take yi, sai da gabanta ya faɗi kafin ta gane kanta. Ba ta gyara zaman ba.

Ƙamshin ya cika ɗakin. Ta ga hancinsa ya motsa, ta ga bakinsa ya buɗe, ta riƙe numfashi tana jiran sunan da zai fito.

"Auta," ya ce, "matso kusa. Me kika kawo mini yau?"